Sarewar Ƙarfe Biyu

"Ke mai kiɗa, saka mana sarewar nan."

Fadila ce ta faɗa, tana juya sabon zoben da ke yatsanta. Sharhabil na zaune kusa da ita a teburin da ya saba zama, kansa a sunkuye.

Na kalli wayar da nake saka kiɗa da ita.

Shekarata biyu ina aiki a gidan abincin Hajiya Ladidi da ke Kawo. Kunya ba ta barina in yi magana da baƙi, shi ya sa ta ba ni kula da sifika. Ita ta koya min cewa da rana kiɗa mai zafi ake sawa, mutane su ci da sauri su tashi a samu kujera. Da la'asar kuma mai sanyi, su zauna su ƙara lemo.

Sharhabil kullum ƙarfe biyu yake zuwa daga ofis, lokacin da wuri ke cike. Ba na son ya tashi da wuri, sai na riƙa sa wata busar sarewa mai sanyi da zarar ya zauna. Hajiya ta yi faɗa har ta gaji.

Sai da aka yi sati uku ya gane. Ya tsaya a gabana yana murmushi, ya tambaye ni dalili. Ina kallon ƙasa na faɗa masa sirrin kiɗan duka.

"Juwairiyyata, duk ranar da na ji sarewar nan, ko ina tare da wa, ni naki ne."

Wata takwas ina rayuwa a kan wannan maganar.

Sai yayarsa Bara'atu ta ji labari. Ta zo har wurin aikina ta ƙare min kallo, ta ce gidansu kowa da digiri, ba za su ɗauki wadda ta tsaya a firamare ba. Bayan nan ta haɗa shi da ƙawarta Fadila. Ya daina ɗaga wayata, ya daina zuwa.

Yau ga shi ya dawo, har ya ba ta labarin sarewarmu.

"Ko ba ki ji ba ne? Masoyi ya ce kin iya zaɓen kiɗa. Ina so in ji ko za ta dace da dinar bikinmu."

Na saka.

Ba don ita ba... don alƙawarinsa.

Sarewar ta cika ɗakin. Cokula suka lafa, wani dattijo ya jingina ya lumshe ido. Ni Sharhabil kaɗai nake kallo, ina jira ya ɗago.

Ya ɗago.

"Yarinya, rage sautin nan, muna magana."

Yarinya...

Fadila ta kwashe da dariya, ta ce ai wannan kiɗan barci ne, ashe da shi ake tare mazan mutane.

Ban yi kuka a gabansu ba. Na kashe sarewar, na lalubo kiɗan rana, mai zafin nan na korar mutane, na ƙure sauti.

Ya san ma'anarsa, ni na faɗa masa da bakina. Na zaci ko kunya za ta kama shi, ko ya ji zafi ya kalle ni sau ɗaya.

Bai kalle ni ba.

Ya ci abincinsa da sauri kamar kowa, ya goge baki, ya riƙe mata jaka suka fita.

Kafin in share hawayena, wani ya zauna a kujerarsa.