Burtalin da Ya Ƙi Goguwa

Ranar Asabar da hantsi Malama Zubaida ta shigo ofishin 'yan sanda na Roni, idanunta jawur. An sace kwamfutar kwamitin sulhun manoma da makiyaya, inda take aiki.

Sufeto Jalaluddeen ba mai gaggawa ba ne, amma da ya ji abin da ke cikin kwamfutar sai ya miƙe ya ɗauki hularsa. Wata uku Zubaida ta yi tana bin dattawa a ƙafa, daga Roni har iyakar Gwiwa, tana auna burtalin da shanun Arɗo Muhammadu Lawal ke bi zuwa mashaya. Ranar Litinin kwamiti zai sa hannu a taswirar. Ga damina ta ƙarato. In aka yi shuka babu taswira, shanu za su faɗa gonaki, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya.

"Ba ki da ita a waya?" Sufeto ya tambaye ta.

"Na duba, Yallaɓai. Babu. Kafin ɓarawon ya ɗauke kwamfutar sai da ya goge komai."

A ofishin kwamitin, Sufeto ya tarar da ƙofa lafiya lau, ba a taɓa kwaɗo ba. Ga batirin sola, ga fanka, ɓarawo bai ko kalle su ba. Ƙyallen da ake rufe kwamfutar da shi kuwa an ninke shi tsaf a gefen tebur.

"Wannan ɓarawo ya sami tarbiyya," in ji Sufeto.

Ya kira maigadi, Rilwanu, wanda tun daga nesa ya fara rantse-rantse.

"Wallahi, Yallaɓai, jiya ko nan da can ban motsa ba."

"To, ashe ka bar sallar Juma'a?"

Rilwanu ya sosa ƙeya. "A'a, na dai je masallaci."

"Makulli fa?"

"Ƙarƙashin randa nake ajiyewa. 'Yan kwamiti ne kawai suka sani."

Sakataren kwamitin, Malam Na'Allah, na zaune a inuwa yana jan carbi. Tsohon malamin filaye ne, shekara talatin yana riƙe da kundi, mutumin da ko takardar tsire bai yarda a yar ba sai an ninke.

"Ni da kwamfuta sai kallo, Sufeto," ya ce. "Jiya ma ina Babura wajen ta'aziyya. Allah dai ya mayar da alheri. Sai a ɗage zaman zuwa bayan kaka."

Arɗo, da ke tsugune a bakin ƙofa da sandarsa, ya sunkuyar da kai. Bayan kaka, ai shi ke nan an shuke burtalin.

Sufeto ya ja Zubaida gefe. "Ana shiga kwamfutar nan da lambar sirri?"

"Ana shiga."

"Wa ya san ta?"

"Ni kaɗai."

Ta faɗa tana kallon ƙasa. Sufeto bai matsa mata ba. Ya ce ta kira kamfanin da ke ajiye musu bayanai, ta sa kowa ya ji. Wata injiniya mai suna Bahijja ta ɗauka.

"Yallaɓai, taswirar ba a cikin kwamfutarku kaɗai take ba," ta ce. "Duk abin da kuka adana yana zuwa cibiyarmu. Gini ne cike da dubban na'urori jere a kan kanta, ga sanyi, wuta ba ta ɗaukewa. Kuma muna da kwafi a wasu garuruwa biyu. Manomi mai hankali ai ba ya zuba hatsinsa a rumbu ɗaya."

"An ce an goge ta."

"Abin da aka goge muna riƙe shi kwana talatin kafin ya tafi. Ku ba ni minti biyu."

Ba a cika minti biyun ba wayar Zubaida ta yi ƙara. Ta duba, ta dafe baki, sai hawaye. Ga burtalin nan, jan layi tun daga ruga har mashaya. Gaskiya ko Sufeto, da ya saba ganin kayan sata sun tafi ke nan, sai da ya ji sanyi a ransa.

"Akwai ƙari," in ji Bahijja. "Duk wanda ya shiga muna da rajistarsa. Jiya ƙarfe biyu saura kwata an shiga da lambar Malama Zubaida. Kafin a goge, an buɗe gona mai lamba sha bakwai, an daɗe a kanta."

"Gonar wa ce sha bakwai?" Sufeto ya tambaya.

Carbin Malam Na'Allah ya tsaya.

"Malama, zan sake tambayarki. Wa ya san lambar?"

Zubaida ta share ido. "Baba Na'Allah ne ya ce in rubuta masa, ko da Allah zai kawo tsautsayi. Sa'an mahaifina ne, Yallaɓai. Da wane baki zan ce masa a'a?"

Sufeto ya juya ga dattijon. "Baba, gidan wa aka yi rasuwa a Babura? In aika a yi musu gaisuwa."

Malam Na'Allah ya sa carbin a aljihu.

"Kwamfutar tana cikin tsohuwar rijiyar gonata," ya ce. "Shekara shida ina cin burtalin nan kaɗan-kaɗan, kunya biyu bana, kunya uku baɗi, har gyaɗata ta kai tsakiyarsa. Na ji nauyin a karanta sunana a gaban jama'a. A zamaninmu, in gara ta ci kundi magana ta mutu. Ina na san ana ajiye abu a inda hannu ba ya kaiwa?"

Sufeto bai sa masa ankwa ba, furfura ta ci wannan arzikin. Ya dai buɗe masa ƙofar mota. Dattijon ya sa ƙafa ɗaya, sannan ya waiwayo.

"Zubaida, awonki daidai ne. Amma wajen tsamiya kin rage wa makiyaya taku huɗu. Mahaifina ne ya kafa dutsen iyakar, ni na binne dutsen don kada a gan shi. Ku tona gabas da kututturen, za ku same shi."

Mota ta tashi. Arɗo ya miƙe a hankali, ya karɓi wayar da hannu biyu, ya bi jan layin da ɗan yatsa har ƙarshe.

"'Yata," ya ce, "gyara taku huɗun nan, ki gaya wa masu rumbun su adana. Ni bari in je in ce wa mutanena kada su kwashe ruga. Bana a gida za mu yi damina."