Dutsen da Ke Ƙarƙashin Kujera

Ana gab da kiran magariba dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan Sedick. Matarsa Rugaya tana kicin tana juya miyar tumatir da naman rago, ta ɗaga kai ta ce, "'Ya'yan maƙwabtan nan dai ba su da tarbiyya." Sedick kuwa yana kwance ƙarƙashin tsohuwar ƙaramar bas ƙirar Kombi da ya gada daga mahaifinsa, yana ɗaure noti.

Motar nan ta yi shekara da shekaru tana kai iyalinsu garin Macassar duk hutun Ista, inda mutanen yankin Cape ke kafa zango kusa da kabarin wani waliyyi. Da tsohon ya rasu, ta zauna tana tsatsa, har Sedick ya ɗaura aniyar tayar da ita. Ya sa mata gado mai naɗewa, da murhun gas, da ƙaramin firji. Ya gyara birkin hannun da bai taɓa ci ba tun yana yaro. Da birki ya kama, sai ya ga ba sauran amfanin farin dutsen da tsohon ke tare taya da shi, wanda kullum yake naɗe cikin tawul a ƙarƙashin kujera. Sedick ba ya son asara, kuma ba ya tambaya. Ya sa guduma ya farfasa shi, ya watsa cikin tsakuwar da zai yi daɓe da ita.

Tun daga ranar, rana ba ta faɗuwa sai an yi jifa. Ba a ganin mai jifan. Tsakuwar farare ce, da ɗumi kamar an ciro ta daga hannun mutum. Rugaya ta daina zagin maƙwabta, ta koma tara ta a gwangwani tana salati. Sannan aka soma jin murya daga cikin motar, can ƙasa-ƙasa, irin ta mace mai rarrashin jariri.

Wata magariba suka nemi 'yarsu Galiema, budurwa mai karatun jinya, suka same ta zaune a sabon gadon motar tana jijjiga hannuwanta, ba komai a cikinsu. Daga nan ta bar magana, ta bar abinci. Tsoro ya kama Sedick, irin wanda bai taɓa sani ba.

Rugaya ce ta kira Imam Toyer, dattijon da ya yi zamani da surukinta. Ya zauna a ƙofar motar, ya kunna turare, ya yi ta karatu har duhu ya sauko. Can yarinyar ta ɗago, muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Toyer. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai dutse. A kan kabarin ɗana yake. Wata shekara motar nan ta soma gangarawa da yara a ciki, tsohon ya wawuro shi ya tare taya. Har da wannan mai gemun a cikin yaran, yana majina." Ta nuna Sedick da haɓa. "Na biyo tsohon in halaka shi, ya ba ni haƙuri, ya roƙi aro. Duk shekara yana kai ni in ga ɗana, bai taɓa saɓawa ba. Ya mutu, na yi ta jira. Sai ga guduma."

"Wallahi ban sani ba, Inna," in ji Sedick.

"Ka tambaya? Ka taɓa ganin ana naɗe dutsen banza a tawul? Ka fasa nawa, na riƙe taka."

"Yarinya ba ta ɗauki guduma ba," in ji Imam. "Kin ba da aron dutse don a ceci yara, yau kuma ki cinye yarinya? Ki ji tsoron Allah."

Hawaye suka gangaro a fuskar Galiema.

"A mayar da shi," in ji muryar tsohuwar. "A can zan sauka."

"Ta yaya zan tsince shi daga tarin tsakuwa?" Sedick ya tambaya.

"Na tsince maka, sakarai. Me kake tsammani nake jefowa?"

Washegari suka ɗauki hanyar Macassar a motar, Galiema na rungume da gwangwanin a cikin tawul. A bayan tudun yashi, nesa da masu zango, ta tsaya da kanta, ta durƙusa ta juye shi a kan wani ɗan kabari. Ta yi atishawa mai ƙarfi ta kife. Da ta farfaɗo ta sha ruwa, amma ba ta ce uffan ba, kuma wannan shirun ya fi komai damun uban.

Suka dawo inda motar take a kan gangare, iskar teku na girgiza ta. Sedick ya ja birki tun ɗazu, amma hannu ba ya manta abin da ya taso yana gani. Ya sunkuya ya ɗauki wani dutse daga gefen hanya don ya tare taya.

"Baba," in ji Galiema, da muryarta ta da. "Ajiye."

Ya mayar da shi cikin gurbinsa a hankali, gefen da ke da laima yana ƙasa.