Iyakar Da Ba A Rufe Ba

Ran nan da almuru, maigidan, tsohon mai awon filaye wanda ba ya yarda da abin da bai auna ba, yana zaune a falo kusa da autarsa. Matarsa ta daɗe tana kukan cewa ɗakin ajiya yana yin sanyin kabari da zarar rana ta faɗi. Saboda haka ya sa Auta, mai sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, ta rataye ma'aunin zafi a ɗakin. Yanzu ga awon a fuskar kwamfuta: layi ya miƙe lafiya lau, sai daidai faɗuwar rana ya rufta kamar an tura shi rijiya.

"Baba, ka danna linzamin kwamfutar nan a farkon ramin layin, ka ja, ka saki a ƙarshensa, sai ya faɗaɗa maka tsakanin," in ji ta. "Kai ma za ka iya, in ka daina riƙe shi kamar kunama."

Ta danna, ta ja, inuwa shuɗiya ta bi kibiyar linzamin tana lulluɓe ramin. Sai tsakuwa ta faɗo kan rufin kwano. Auta ta zabura, kibiyar ta tsallake iyakar zanen, a can waje ta saki. Manhajar kuwa ba a koya mata jin sakin da aka yi a waje ba, don haka inuwar ta tsaya a buɗe, tana jira.

Daga wannan maraice manuniyar Auta, wadda ta danna linzamin da ita, ta lanƙwashe, ta ƙi miƙewa. Kwamfutar ta ƙi mutuwa, ko da aka zare wayarta. Kullum da almuru duwatsu kan sauka, yarinyar ta tashi tana jan yatsa a jikin bango. Sanyi ya kama hannun, ya haye gwiwar hannu, ya kai kafaɗa. Likita ya duba bai ga komai ba. Da maigidan ya ga sanyin ya doshi ƙirji, ya haɗiye girman kansa ya ɗauko malami.

Malam ya zauna ya fara karatu a natse. Can Auta ta ɗago kai, murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam! Ƙona ni kake yi."

"Me ta yi maka?" in ji Malam.

"Wannan ɗan lokaci na almuru nawa ne, a cikinsa nake ratsa ɗakin. Ta kafa mini katanga ɗaya, ta ja igiya, ba ta kafa ta biyu ba. Ban shiga ba, ban fita ba. Ta riƙe ni, na riƙe ta. A bar mini hannun, mu rabu."

"Ko farce ba za ka samu ba."

Sai muryar ta sassauta.

"To, a rufe iyakar, a cire abin awon. Amma a saki bayan ramin. In aka saki a tsakiyarsa an raba ni biyu, ni ma biyu zan raba ta."

Malam ya dubi linzamin, ya dubi maigidan. "Ni karatu na sani, wannan kuwa sai kai."

"Allah gafarta Malam, ban taɓa..." Sai ya kalli leɓen 'yarsa da ya fara yin fari, ya matsa gaban kwamfutar.

Ya ɗora hannu a kan linzamin. Ya jawo kibiyar cikin zanen, inuwar ta biyo ta kamar kare. Dutse ya daki rufi, kibiyar ta zame tsakiyar ramin, Auta ta yi wani irin gurnani, uwarta ta toshe baki da mayafi. Tsohon ya riƙe numfashi, ya tura kaɗan-kaɗan, yadda ya saba lallaɓa turken iyaka tsakanin maƙwabta masu husuma. Da layin ya gama hayewa ya daidaita, ya danna, ya saki.

Inuwar ta rufe. Ƙofar ɗakin ajiya ta buga da kanta, rufin ya yi tsit.

A hankali yatsan Auta ya miƙe a cikin tafin mahaifinta, da ɗuminsa.

"Baba," ta ce da muryarta ta ainihi, "nawa sanyin ya kai?"

Maigidan ya rufe kwamfutar ba tare da ya duba ba.