Buhun da Ke Cikin Rariya

"Shekara biyu ina faɗa maka katangar nan tana son yaɓe, Alhaji. Shekara biyu cur."

Inna Hassana ce ke magana, tana tsaye a kan tulin jar ƙasar da jiya da safe katanga ce. Mayafinta ya zame, ko gyarawa ba ta yi ba.

Alhaji Dabo, mai gidan da suke haya a Kankia, ya caka sandarsa cikin laka ya zaro.

"Hassana, ni ba yaro ba ne. Katanga ba ta zubewa daga gindi sai in ruwa ya kwanta mata. Kun bar rariya ta toshe, shi ke nan."

"Rariyar da nake sharewa da hannuna duk Juma'a?"

"To ruwan ta ina ya bi?"

Ulfa, ɗiyar Inna Hassana, na raɓe a ƙofar kicin, ludayi a hannu. A duk mutanen da suka taru suna leƙen tsakar gidansu ta inda katangar ta faɗi, ita kaɗai ta san amsar tambayar nan.

A unguwar kowa ya san yadda abin yake, ba sai an rubuta ba: gini da yaɓe na mai gida ne, shara da buɗe hanyar ruwa na ɗan haya. Shekara shida ke nan suna zaune a haka lafiya lau, tun da mahaifin Ulfa ya rasu suka baro Kaikai. Zaman har ya yi daɗin da Sagir, ɗan Alhaji na uku, ya ga Ulfa ya ce yana so. Asabar mai zuwa za a kawo kayan sa rana.

"Gobe zan zo da mai unguwa da magini," in ji Alhaji. "In laifina ne, in gina. In naku ne, ku nemi wani gidan. Maganar Asabar kuwa a dakata tukuna."

"A dakata ɗin. Ɗiyata ba ta rasa masoya ba."

Wai! Ulfa ta ajiye ludayin. Ta koma cikin kicin ta zauna a kan turmi, hayaƙi na shiga idonta, ta ƙyale shi, don ko ba komai ya zame mata hujjar hawaye.

Abin da ya faru kuwa bai taka kara ya karya ba. Kakarta ta Kaikai ce ta ba ta kaza, ta ce ta yi kiwo ta rage wa uwarta nauyin kayan ɗaki. Kazar ta ƙyanƙyashe tsaki goma sha ɗaya. Su kuwa 'yan banzan tsakin nan ba su da aiki sai bin rariya su fice lungu, shirwa na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Da aka ɗauki na huɗu, kwana ɗaya bayan sharar Inna ta Juma'a, Ulfa ta dunƙule tsohon buhun dusa ta cusa cikin rariyar, ta tura dutse ta danne. Niyyarta duk sanda ta ga hadari ta cire.

Jiya kuma suka tafi bikin suna a Kusada ita da Inna, gari garau, rana kamar ta fasa kai. Suna can aka tsuge da ruwa tun azahar har la'asar sakaliya. Da suka dawo, babu katangar lungu, makewayinsu da igiyar shanyarsu duk a fili, kowa ya wuce sai ya kalla.

Da la'asar Sagir ya shigo da shebur a kafaɗa, ko kayan makarantar da yake koyarwa a Tafashiya bai cire ba. Ya gaida Inna, ta amsa masa ciki-ciki ta shige ɗaki.  Ya kafa itace ya ɗaura zana biyu ya rufe musu ɓarakar, sannan ya shiga kwashe ƙasa.

Ulfa ta kawo masa ruwa a kofin silba. Ta miƙa masa, kanta a sunkuye.

"Ulfata, dube ni."

Ta kasa.

Ya sunkuya ya janyo wani abu daga bayan zanar. Buhun ne, ya yi baƙi da laka. Shi da kansa ya kawo mata dusa a cikinsa wata biyu da suka wuce.

"A bakin rariya na tono shi," ya ce a hankali. "Da dutse a kansa."

"Yaya Sagir... tsakina ne suke fita. Wallahi mantawa na yi. Ban san za a yi ruwa ba..."

"Na sani. Daina kuka, kada Inna ta ji."

"Za a kore mu. Ina za mu je da damina tsaka? Kuma Baba Alhaji ba zai taɓa yarda da ni ba, zai ce tun ban shigo ba na rushe masa gida."

"Ba wanda ya gani sai ni. In na fita da shi cikin ƙasar nan na zubar a kududdufi, magana ta mutu. Baba zai yi faɗansa ya gaji, ya gina."

"A ɗora masa laifin da ba nashi ba?"

Sagir ya kawar da kansa gefe.  Mahaifinsa ne fa, kuma duk Kankia an san Sagir da biyayya.

"Ba na son in rasa ki, sanyin idona. Iyakar abin da na sani ke nan. Amma ba zan fita da shi ba sai kin ce."

Ta daɗe tana kallon buhun. Daga ƙarshe ta karɓa ta tura shi ƙarƙashin akurkin kaji, ba ta ce a zubar ba, ba ta ce a bari ba.

Da magariba suna cin tuwo, ta buɗe baki sau uku za ta faɗa, sau uku tana haɗiye maganar da loma. Inna kuwa faɗa take ta yi ita kaɗai.

"Don ya ga ba ni da miji shi ya sa. Gobe zai gani. Al-Ƙur'anin babanki zan ɗauko, in dafa a gaban mai unguwa cewa rariyata a buɗe take. In ya isa shi ma ya dafa."

Ulfa ta ajiye lomar da ta ɗauko.

"Inna, rantsuwa kuma? A kan katanga?"

"A kan mutuncina. Mi kike tsoro? Mai gaskiya ce ni."

Ai nan ne tsoron ya kai mata ko'ina. Korar gida abu ne, fasa aure abu ne, amma uwarta ta dafa littafin Allah a kan abin da ba haka yake ba, kuma ita tana tsaye tana kallo? Ta tsame hannunta daga kwanon ta ce ta ƙoshi.

Washegari da hantsi suka iso: Alhaji Dabo, mai unguwa, da Malam Abdulbaƙi magini, wani tsoho siriri da ya gina rabin katangun unguwar. Sagir na biye da su, idonsa jajur. Maƙwabta kuwa ba a gayyace su ba, amma sun zo.

Malam Abdulbaƙi ya tsuguna yana murza ƙasar a tafin hannu, yana shinshinawa kamar mai sayen daddawa. Bai kai ga magana ba Inna ta fito da alwalarta, rungume da Al-Ƙur'ani cikin gafakarsa ta fata.

"Mai unguwa, ba sai an wahalar da tsoho ba. Ni zan rantse."

"Hassana, bi a hankali," in ji mai unguwa.

"Ba wani a hankali."

Ta fara kwance igiyar gafakar. Ulfa ta dubi Sagir. Ya girgiza mata kai kaɗan, ita kanta ba ta san ko hana ta yake ko roƙonta yake ba. Ƙafafunta dai suka kai ta akurki. Ta janyo buhun, ta zo ta durƙusa a tsakiyar mutane ta ajiye shi a gaban uwarta.

"Inna, kada ki dafa. Don Allah kada ki dafa. Ni na toshe ta."



Ta faɗi komai, kanta a ƙasa, muryarta na yankewa: kazar Kaka, shirwa, dutsen, tafiyar Kusada. Ba ta rage ko ɗaya ba.

Inna ta tsaya kamar an dasa ta. Sannu a hankali ta mayar da igiyar ta ɗaure. Kunya ce ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da ta zo garin nan.

"Alhaji," ta ce da ƙyar, "gaskiyarka ce. Ka ba mu zuwa ƙarshen wata."

Ulfa ta fashe da kuka. Shi ke nan, ta rasa gidan, ta rasa Sagir, ta kuma kunyata uwarta a bainar jama'a, duk a safiya ɗaya.

Malam Abdulbaƙi ya yi gyaran murya. Ya ɗago wani ɓangaren katangar ya juya shi.

"Ni dai tunda an kira ni, bari in faɗi nawa. Ruwa ya kwanta, gaskiya ne. Amma ku dubi tsagar nan, har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Ba ta bana ba ce. Da an yi yaɓe bara, da ta sha ruwan yini ɗaya ba ta faɗi ba. Na kuwa faɗa maka, Alhaji, ranar da muka haɗu a masallacin Juma'a."

Alhaji Dabo ya sunkuyar da kai yana zane a laka da sandarsa. 

"Ka faɗa," ya ce. "Ita ma Hassana ta faɗa. Na ce sai bayan girbi, girbi biyu ya wuce." Ya juya ga Ulfa. "Ke, wani ya ga buhun nan?"

"Ni na gani, Baba," in ji Sagir. "Ni na ce mata a zubar."

"Ta ƙi?"

"Ga shi kuwa a gabanka."

Alhaji ya harari ɗansa harara mai kyau, irin wadda ke nufin za mu haɗu a gida. Sannan ya sauke ajiyar zuciya.

"Ni na san da tsagar, na zo nan ina ɗaga murya. Yarinya ƙarama ta fi ni. Abdulbaƙi, ƙasa da aiki nawa ne. Ruwan kwaɓi nasu, su ɗebo. Wancan kuma," ya nuna Sagir da sanda, "shi zai taka ƙasar da ƙafarsa har a gama."

"Alhaji..." Inna ta fara.

"Hassana, ki yafe min maganar jiya. Ba inda za ku."

Ya juya zai tafi. Ulfa na nan durƙushe, numfashinta a riƙe, don har yanzu bai ce komai a kan Asabar ba, kuma ba mai ƙarfin halin tambaya. Ya kai bakin zana, ya ɗaga ta, sai ya tsaya kamar wanda ya tuna wani abu.

"Af, Abdulbaƙi. In ka zo rariyar, ka sa mata ragar ƙarfe, ruwa ya wuce, tsaki su tsaya. Kuma a gama kafin Asabar. Ba na son baƙi su zo su tarar da gidan surukata a buɗe."

Ulfa ta kifa fuskarta a kan ƙafafun Inna tana kuka, Inna ta dafa kanta da hannun da ɗazu ya kusa dafa Al-Ƙur'ani. Sagir kuwa tuni ya naɗe ƙafar wandonsa.