Bakwai a Layi na Tara

Da yamma likis na shiga fadama don cire tutocin da muke kafawa su nuna wa jirgi hanya. Aikin mutum biyu ne, amma na ce zan je ni kaɗai, don ba na son haɗa ido da kowa.

Mu aikinmu ƙirga losh ne, manyan barewar nan masu faffaɗan ƙaho. Ƙaramin jirgi yana bin layi goma sha biyu a kan dusar ƙanƙara, ni ina leƙe ta taga. Abin da na gani shi ofis zai ninka, sannan a yanke nawa mafarauta za su harbe. A layi na tara amai ya taso min, na tusa kai cikin jaka har muka wuce.

"Bogumil, nawa?" in ji Jadwiga, matuƙiyarmu. "Ko mu sake zagayowa saboda ɗan lelen mama?"

Kunya ta sa na ce, "Bakwai." Ko ɗaya ban gani ba. Da bakwai ɗin nan aka ba da izinin harbe talatin. Na sani, na yi gum har sati biyu, abin yana ci na.

A fadamar, ina cire tuta ta tara sai iska ta ɗauke cak. Warin jiƙaƙƙen gashi ya bugi hancina.

Wani abu ya shafi ciyawa a bayana.

Na waiga. Ga losh a jere, bakwai cif. Sanyi kamar zai tsaga fuska, amma babu tururi a hancinsu. Babu sawu a ƙasa.

Ta gaban ta sauke kai har leɓenta ya taɓa kunnena.

"Kai ka rubuta mu," ta raɗa, da muryata. "Ina jikinmu?"

Can nesa bindiga ta tashi.

Nan take tururi ya fito mata a hanci. Ƙafafunta suka nutse cikin dusar.

Sauran shidan suka juyo suna kallona.

Na zuba da gudu. Kofato huɗu kawai nake ji a bayana, amma warin na su duka ne. Ƙanƙara ta burma da ni, ruwa iya ƙirji. Pan Czeslaw, tsohon mai gadin daji, shi ya finciko ni ta wuyan riga.

"Me ya koro ka, ɗana?"

"Ƙaryata, Pan Czeslaw."

Washegari na faɗa wa ofis gaskiya. Aka soke izinin, aka sallame ni, amma an riga an harbe ashirin da uku, yawancinsu mata. Har yau Jadwiga ba ta amsa gaisuwata.

Ranar Lahadi tsohon ya kai ni gindin wata bishiya. 'Yan maruƙa uku ne kwance a manne da juna, sun daskare a inda aka ja gawar iyayensu. Ya zaro fensir daga bayan kunnensa ya miƙo min.

"Waɗannan dai ka gan su da idonka," ya ce. "Rubuta."