Jinin Malam Sanda

A ɗakin masu ciwon zuciya na wani asibiti a Minna Amir ya fara ganin Zakiyya, kuma da faɗa suka fara. Mahaifinsa Malam Sanda na kwance, jijiyar zuciya ta toshe, sai ga ta da allura tana neman izinin ɗibar jini. Amir ya ce babansa ba zakaran gwaji ba ne. Ta harare shi, ta yi wa tsohon bayani: bincike suke yi ko wasu ƙwayoyin bairos na da hannu a kumburin jijiyoyin zuciya, ba a tabbatar ba tukuna. Malam Sanda ya miƙa hannu yana dariya.

Kafin a sallame shi, harara ta koma murmushi. Amir na kiranta "Likitata", ita kuma tana ce masa "Sarkin Fushi".

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Alhaji Sheshi ya tura ƙaninsa Kudu Maitumbi ya binciko asalin yaron, kamar yadda aka saba. Kudu bai shiga gidan su Amir ba, a bakin masallaci ya zauna ya kwaso zance: wai an samu bairos a jinin tsohon. Mutanenmu kuwa da sun ji bairos, cuta ɗaya ce ke faɗo musu a rai: ƙanjamau. Alhaji ya rantse 'yarsa ba za ta shiga gidan ba.

Amir bai tambayi kowa ba ya tura mata saƙo: "Ke kaɗai kika ga sakamakon Baba. Kin tona mana asiri. Na gode."

Zakiyya ta karanta. Ta amsa: "Ubana ya zage ni don na ƙi buɗe baki a kan jinin babanka. Kai kuma ka ce na sayar da shi. Kada ka ƙara kirana Likitata."

Abin haushin, Malam Sanda ne da kansa ya baza labarin. Kullum bayan la'asar yana alfahari a majalisa cewa jininsa ake nazari a asibiti. Da ya ji ɓarnar da bakinsa ya yi, ya wanke ɗansa tas, ya hau keke napep har gidan su Zakiyya a unguwar Shango.

Ya tarar da Alhaji Sheshi ya tashi daga zazzaɓi, ƙuraje sun feso masa a leɓe. Malam Sanda ya nuna su da sandarsa.

"Alhaji, likita ya ce bairos ɗin da ke jinina shi ne mai fito da waɗannan. Rabin garin nan na ɗauke da shi. In ya hana aure, to ni ma ban yarda ɗana ya auri 'yarka ba."

Alhaji ya shafa leɓensa, ya juya kan Kudu da masifa.

Zakiyya ce ta fi wuya. Sati biyu Amir na sintiri a ƙofar gidansu kafin ta fito, fuska a murtuke.

"Na zalunce ki. Ki yafe mini."

"Nan gaba ka tambaye ni kafin ka yanke mini hukunci, Sarkin Fushi."

Da ya ji sunan, ya san an yafe.

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Malam Sanda ya dafa ƙirji ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya kuma tsare su daga baki irin nasa. Amin ɗin Alhaji Sheshi ta fi ta kowa ƙarfi.