Muryar Ladidi a Bayan Motar Yari

Rana ta yi ja a kan Gusau lokacin da Yari direba ya shigo da tsohuwar kiya-kiyarsa ƙofar gida. Mota ce da ta ga duniya a hanyar Tsafe. Fasinjojin baya sun dame shi da mita, wai kiɗan kaset iyakarsa kujerar gaba, shi kuwa mutum ne da ba a kai shi bango. Ya sayo sifika biyu, ya huda jikin motar ta baya, ya ja waya ta ƙarƙashin kujeru, ya ɗora gwangwanin dalma kan garwashi don ya like bakin wayoyin.

Matarsa Kulu ta leƙo. "Magariba ta yi, malam. Bar shi sai gobe."

"Saura kaɗan," in ji shi.

Da aka kira salla bai ƙarasa ba. Cikin gaggawa ya watsar da ragowar narkakkiyar dalmar a gindin katanga, ko bisimilla bai yi ba. Kowace tsohuwa a unguwar ta san ba a zubar da ko ruwan zafi a wannan lokaci, balle dalma.

Gidan ya yi tsit. Sai tsakuwa ta faɗo kan rufin kwano, wata ta biyo ta. Ladidi, 'yarsu tilo, mai surutu kamar kanari, ta buɗe baki za ta kira uwarta, babu abin da ya fito. A waje kuwa, daga sifikun da ba a haɗa da komai ba, muryarta ta ce, "Inna."

Haka aka yi ta yi kowace magariba. Yarinya na zaune bebiya tana hawaye, muryarta na kuka a bayan mota. Kulu ta rame. Yari bai ji tsoro ba, haushi ya ji, har ya daina cin tuwo. Daga ƙarshe ya tafi Bungudu ya ɗauko Malam Shu'aibu, tsohon da ya saba da irin wannan aiki.

Malam ya sa aka shimfiɗa wa Ladidi tabarma kusa da motar, ya yi ta karatu a hankali har jikinta ya sandare. Muryar wani aljani, mai kauri, ta fito daga bakinta.

"Ya ƙona mani ɗa a maƙoshi. Ɗana bai ƙara magana ba. Murya ta tafi, murya ta biya."

"An yi maka laifi, ba da gangan ba," in ji Malam. "Amma yarinyar ga mi ta yi maka? Ka ji tsoron Allah ka fita."

"Ba ni fita hannu wofi."

Malam ya buɗe baki zai ci gaba da karatu, Yari ya riga shi. Ya durƙusa har fuskarsa ta kusa taɓa ta 'yarsa.

"Ni niz zuba dalma, ba ɗiyata ba. Ka bar mai laifi tsaye ka kama yarinya? Wanga ba ramuwa ba ta, ragwanci na. In kai namiji na, ga tawa murya."

"Yari, yi shiru!" Malam ya daka masa tsawa, amma magana zarar bunu ce.

Aljanin ya yi wata 'yar dariya. "Na karɓa."

Malam ya sa shi ya rantse ba zai sake waiwayar gidan ba. Ladidi ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce da bakinta, "Baba." Yari ya amsa, ba wanda ya ji.

Muryarsa ba ta dawo ba, sai raɗa. 'Yan tasha suka ce direban da ba ya iya kiran fasinja ya gama yawo, gara ya sayar da motar. Ba su san Yari ba. Da hantsi, da bisimillarsa a zuci, ya ƙarasa like wayoyin nan. Ya aro rediyo mai ɗaukar magana, ya zaunar da Ladidi a gabanta.

Washegari ya tsaya a tashar Gusau, ya wangale ƙofar baya, ya danna kaset. Muryar 'yarsa ta tashi daga sifikun biyu, tar da ita, ta cika tashar: "Tsafe! Tsafe! Saura mutum ɗaya!"